TAKU ƊAYA YA KAYAR DA ZAKARAN DARA NA DUNIYA: INA RABON YARAN KAFANCHAN A WANNAN FAGE?

Daga Wakilinmu na Arewa, Kafanchan

Ran Alhamis, 12 ga watan Disamba na shekarar 2024, a birnin Singafo, wani saurayi ɗan ƙasar Indiya mai suna Gukesh Dommaraju, mai shekara 18 da haihuwa, ya zauna gaba da gaba da Ding Liren na ƙasar Sin, wanda a lokacin shi ke riƙe da kambin duniya na darar nan da Turawa ke kira ces, Larabawa kuma su ce shaɗaranji. Wannan shi ne wasa na 14, kuma na ƙarshe, a karawar da suka soma tun ran 25 ga watan Nuwamba, kowannensu kuwa yana da maki 6 da rabi. Sun shafe wajen sa'a huɗu suna fafatawa, har masana da ke kallo sun sallama cewa kunnen doki za a tashi, sai Ding ya kai hannu ya yi takunsa na 55. Taku uku bayan wannan ya miƙa wuya. Kambi ya koma Indiya, Gukesh ya tafi gida da dala miliyan 1 da dubu 350, ya kuma zama mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa riƙe wannan sarauta ba tare da jayayya ba, domin Gari Kasparov da ya riga shi yana da shekara 22 sa'ad da ya hau a 1985.

Mai karatu da ke zaune a Agege, ko Idi-Araba, ko Sabon Badun, ko Shagamu, zai iya cewa, me ya haɗa kifi da kaska? Ina ruwan mutumin Kafanchan ko Zonkwa ko Kwoi da wasan da aka yi a Singafo? To, jama'a, akwai ruwanmu. Yaron da ya ci wasan nan bai fi yaranmu kai ba. Abin da ya samu, wanda namu ba su samu ba, shi ne tsani da aka kafa masa tun yana ƙarami, ya yi ta hawa mataki-mataki. Matakin farko na tsanin nan kuwa bai fi ƙarfinmu ba, kuma ku da ke zaune a Kurmi kun fi kowa damar kafa shi.

YADDA WASAN YA KE

Bahaushe ba baƙon dara ba ne. Wanda ya tashi a ƙauye ya san gurabun nan 30 da a ke haƙa a gindin bishiya, kowane ɗan wasa da 'ya'yansa 12, wani tsinke wani dutse, a kasa su tukuna sa'an nan a shiga jera uku ana ci. A garuruwan da jirgin ƙasa ya ratsa, irin su Kafanchan, daraf ma ya daɗe da zama ɗan gida. Ita darar ces allonta gida 64 gare shi, kowane ɓangare da 'ya'ya 16: sarki ɗaya, sarauniya ɗaya wadda Larabawa ke kira waziri, hasumiya biyu, doki biyu, giwa biyu, da dakaru takwas. Kowanne da irin tafiyarsa. Hasumiya miƙe ta ke tafiya, giwa kuwa a karkace, ta kan gida mai launi ɗaya kurum. Dakare gaba ya ke yi ba ya komawa baya, amma in ya kai ƙarshen allo sai a naɗa shi sarauniya. Wanda ya tsare sarkin abokin karawarsa har ya rasa mafita, shi ya ci.

Kada a ɗauka kayan Turawa ne tun asali. Daga Indiya wasan ya taso, ya bi ta Farisa, ya shiga hannun Larabawa, su ne suka kai shi Turai ta Andalus. A fadar Bagadaza an yi gwanaye irin su As-Suli tun fiye da shekara dubu da suka wuce. A nan ƙasar ma, Turawan mulki sun tarar da irinsa a Barno ana kiransa tsatsarandi, inda 'ya'yan wasan ke ɗauke da sunayen sarauta kamar Mai da Ciroma da Kaigama.

A gasa ta sosai akwai agogo mai fuska biyu, kowa da nasa lokaci. A karawar Singafo an ba kowane ɗan wasa minti 120 domin taku 40 na farko, sa'an nan minti 30 domin sauran wasan, da ƙarin daƙiƙa 30 bayan kowane taku. Kowa kuma tilas ya riƙa rubuta takunsa da na abokin karawarsa a takarda. Abin da ka taɓa shi za ka tafiyar, in kuwa ka ɗauke hannunka, bakin alƙalami ya bushe.

ABIN DA YA FARU A TAKU NA 55

Ding shi ke da farare a wasan ƙarshe. Tun da wasa ya yi nisa aka lura ba ci ya ke nema ba, so ya ke a tashi kunnen doki, domin in an yi haka kashegari za a raba gardama da wasanni masu gajeren lokaci, inda masana da yawa ke ganin ya fi yaron gogewa. Saboda haka ya yi ta musayar 'ya'ya, har ya yarda ya ba da dakare ɗaya don a rage kaya a kan allo. Aka wayi gari kowa yana da sarki da hasumiya da giwa, Gukesh da dakaru biyu, Ding da ɗaya. Irin wannan matsayi littattafan wasan sun tabbatar ba a cin sa, muddin mai tsaro ya riƙe hasumiyarsa, ko kuwa ya riƙe giwarsa.

Gukesh ya san da haka, amma bai nemi a tashi ba. Yana da wajen sa'a guda a agogonsa, Ding kuwa saura kimanin minti 10. Sai ya ci gaba da matsawa a hankali, yana ba abokin karawarsa damar yin kuskure. A taku na 55 Ding ya kawo hasumiyarsa ya ce a yi musaya, ya manta cewa giwarsa tana can maƙale a kusurwar allo, inda hanya ɗaya tak gare ta. Gukesh ya karɓi musayar hasumiya, nan take kuma ya tare wa giwar hanya da tasa giwar, ya zama tilas ita ma a yi musayarta. Shi ke nan, sai sarakuna da dakaru, biyu da ɗaya, sarkin Gukesh kuma ya riga ya tsaya inda ya kamata. Ba yadda za a yi a hana dakarensa ɗaya kai wa ƙarshen allo. Ding ya dafe kai, ya miƙa hannu a taku na 58. Yaron ya fashe da kuka yana mayar da 'ya'yan dara gidajensu.

Watau abin da ya kayar da Ding, wanda ya ci kambin a Astana a 2023, shi ne zaman jiran lokaci ya ƙare. Abin da ya ba Gukesh nasara kuwa shi ne haƙuri da naci, waɗanda ba a koyonsu sai a fagen gasa, wasa bayan wasa, shekara da shekaru.

LAMBAR AWO

A nan ne maganar ta fara shafarmu. Hukumar wasan ta duniya, wadda a ke kira FIDE, an kafa ta a Faris a 1924, tun 1970 kuma ta ke aiki da wani ma'auni da wani malamin kimiyya mai suna Arpad Elo, haifaffen Hangari mazaunin Amurka, ya ƙirƙiro. Kowane ɗan wasa da ya shiga gasar da hukumar ta amince da ita yana samun lamba mai nuna ƙarfinsa. In ka ci wanda ya fi ka lamba, taka ta hau da yawa. In ka ci na ƙasa da kai, kaɗan za ta motsa. In na ƙasa da kai ya kayar da kai, ka yi babbar hasara. Lissafin ya nuna cewa wanda ya ɗara abokin karawarsa da 200, ana sa ran zai kwashi kashi 76 cikin 100 na makin da ke tsakaninsu.

Alal misali, Gukesh ya shiga karawar Singafo da 2783, Ding da 2728. Bisa ga wannan rata ta 55, ma'aunin ya sa ran yaron zai sami maki 8 da ɗoriya cikin 14. Da ya tashi da 7 da rabi, sai lambarsa ta sauka zuwa 2777, ta Ding kuma ta hau zuwa 2734. Ka ji ma'aunin da ba ya kara, ga mutum ya ci kambin duniya amma an rage masa awo. Ba ya tambayar ɗan wane ne kai, ko wace ƙabila, ko ina ka ke salla ko sujada.

Da lambar nan a ke hawa muƙamai. Wanda ya kai 2300 ya zama Gwanin FIDE. Mai 2400 da ya cika wasu sharuɗɗa ya zama Gwanin Ƙasa da Ƙasa, mai 2500 kuma Babban Gwani. Mafi yawan da aka taɓa kaiwa shi ne 2882, na Magnus Carlsen ɗan ƙasar Nowe, a 2014. Ƙasan tsanin kuwa, tun watan Maris na 2024, daga 1400 ya ke farawa. Da lambar a ke gayyatar mutum gasa a ƙasashen waje, da ita a ke zaɓen 'yan wasan ƙasa, da ita wasu jami'o'in Amurka ke ɗaukar ɗalibi su biya masa kuɗin karatu.

Amma fa akwai sharaɗi guda wanda shi ne ƙashin bayan wannan sharhi. Sabon ɗan wasa ba ya samun lamba sai ya kara aƙalla sau 5 da waɗanda suka riga suka sami tasu, a cikin gasar da aka yi wa rajista ta hannun hukumar wasan ta ƙasa, da alƙalin wasa mai lasisi. Abin kamar kindirmo ne, sai an ɗiga tsohon nono a cikin sabuwar madara kafin ta yi barci. Garin da babu masu lamba, ko shekara ɗari 'ya'yansa suka yi suna wasa da juna, duniya ba ta san da zamansu ba. Lambar da yaro ke samu a wayar hannu, a dandalin Lichess ko Chess.com, tana da amfani wajen koyo, amma hukumar duniya ba ta lissafa ta a wannan ma'auni.

INDIYA BA DARE ƊAYA TA YI BA

Har zuwa 1987 Indiya ba ta da Babban Gwani ko ɗaya. Viswanathan Anand ne ya buɗe ƙofa a 1988, shi kuwa ya koyi gasa ne a wani ɗan kulob da aka kafa a 1972 a cibiyar al'adun Rasha da ke birnin Madras, wanda yanzu a ke kira Cennai. Bayan ya yi suna, iyaye suka riƙa kai 'ya'yansu kulob-kulob, makarantu suka buɗe ajin dara, 'yan kasuwa suka riƙa sa kuɗi ana shirya ƙananan gasanni kusan kowane mako. Zuwa 2024 ƙasar tana da Manyan Gwanaye sama da 80, kuma a watan Satumba na wannan shekara ta kwashe zinariyar maza da ta mata a gasar ƙasashen duniya da aka yi a Budafes. Gukesh ɗan Cennai ne. Ya fara wasa yana ɗan shekara 7, ya zama Babban Gwani a 2019 yana da shekara 12 da wata 7, mahaifinsa likita har ya ajiye aiki don ya riƙa raka shi gasa. A 2025 wata yarinya 'yar ƙasar, Divya Deshmukh, mai shekara 19, ta ci kofin duniya na mata.

MU A NIJERIYA

Hukumar wasan ta Nijeriya an kafa ta a 1975, kuma mun sha nuna cewa akwai kai a ƙasar nan. A 1998, a garin Elista na Rasha, Odion Aikhoje ya ciwo wa Nijeriya lambar zinariya a allo na biyu a gasar ƙasashen duniya. An sa wasan a cikin wasannin Afirka da aka yi a Abuja a 2003, yana kuma cikin wasannin ƙasa da na jami'o'i. Duk da haka, har zuwa ƙarshen 2024 Nijeriya ba ta fitar da Babban Gwani ba, alhali Zambiya ta samu tun 2009 ta hannun Amon Simutowe, Masar kuwa tana da Bassem Amin wanda ya taka 2700 a 2017. Dalilin a fili ya ke. Gasanni masu rajista kaɗan ne, mafi yawansu kuma a Ikko da Abuja da wasu biranen Kudu a ke yin su.

Labarin yara biyu ya isa misali. Tanitoluwa Adewumi iyayensa sun bar Nijeriya a 2017 saboda tsoron Boko Haram, suka sauka a gidan marasa galihu a birnin New York. Makarantar firamaren da aka sa shi tana da kulob na dara, garin kuma cike ya ke da gasa. A watan Maris na 2019, yana ɗan shekara 8, ya zama zakaran jihar a rukunin tsararrakinsa, a 2021 kuma ya zama gwani na ƙasa a Amurka. Da tutar Amurka ya ke wasa. Na biyu shi ne Tunde Onakoya, wanda ya tashi a Ikorodu, ya kafa ƙungiyar Chess in Slums Africa a 2018, ya riƙa koya wa yaran Majidun da Makoko da na ƙarƙashin gadar Oshodi. A watan Afrilu na 2024 ya yi sa'a 60 yana wasa a dandalin Times Square don tara kuɗin karatun yara, a Afrilun 2025 kuma shi da Shawn Martinez suka yi sa'a 64, littafin Guinness ya tabbatar musu. Da yawanku kuna wucewa ta gadar nan ta Oshodi kullum. Abin da ya yiwu a ƙarƙashinta, me zai hana shi yiwuwa a Gidan Waya?

ME YA SA KAFANCHAN

Kafanchan gari ne da mahaɗa ta haifa. A 1927 hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Fatakwal ta bi ta Inugu da Makurɗi ta haɗu a nan da mai zuwa Kaduna da mai hawa Jos. Jirgi ya tara Fantswam da Bajju da Atyap da Ham da Kagoro da Kaninkon da Hausawa da Filani da Ibo da Yarabawa a kasuwa ɗaya, a 1933 kuma fadar Sarkin Jama'a ta ƙauro nan. Da harkar jirgi ta ja baya tun daga shekarun 1980, aikin yi ya ragu, samari da yawa suka gangara Kudu neman abinci, waɗansunku ke nan da ke karanta wannan shafi.

Sauran tarihin kuma ba wanda ya manta. Rikicin watan Maris na 1987 daga Kwalejin Horon Malamai ta garin nan ya tashi, ya bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. Aka yi na Zangon Katab a 1992, aka yi na bayan zaɓe a watan Afrilu na 2011 wanda ya cinye rayuka da dukiya a Kafanchan da Zonkwa, sa'an nan hare-haren ƙauyuka na 2016 da bayanta. A watan Maris na 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomin Jama'a da Kaura da Zangon Katab da Kachiya da Sanga sun sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya a Kafanchan. Manya sun yi nasu a takarda. Amma kowane rikici ya kan bar unguwanni a rarrabe, yara su tashi kowa da irin nasa, makaranta daban, filin ƙwallo daban.

A nan tsarin gasar dara ke da wani amfani da ba a cika lura da shi ba. A irin gasar da a ke kira ta Suwis, ɗan wasa ba ya zaɓen wanda zai kara da shi. Bayan kowane zagaye alƙali ko kwamfuta ke haɗa masu maki ɗaya da juna. Ɗan Kagoro zai iske kansa gaban ɗan unguwar Sarki, su yi musafaha kamar yadda doka ta ce, su zauna sa'a biyu ko uku ba hayaniya, ba 'yan kallo masu ihu da jifa, in an gama su sake musafaha, galibi ma su tsaya suna nuna wa juna inda aka yi kuskure. Yarinya na iya kayar da namiji, gurgu na iya kayar da ƙato. Taken hukumar duniya ma ma'anarsa ita ce, mu duka dangi ɗaya ne.

Kayan aiki kuwa akwai su. Ga Kwalejin Ilmi ta Jihar Kaduna a Gidan Waya, ga reshen Jami'ar Jihar Kaduna a cikin Kafanchan, ga jami'ar tarayya da aka kafa a Kachiya a 2025, ga tsofaffin makarantun sakandare a Kagoro da Zonkwa da Kwoi. Jos da Abuja da Kaduna kuma duk tafiyar sa'o'i kaɗan ce a mota. Garin da ya kasance mahaɗar jirgi bai kamata ya kasa zama mahaɗar 'yan wasa ba.

ABIN DA MASU SUKA KE CEWA

Gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata, don haka bari mu kawo ɗaya gefen. Na farko, masu tallan wasan kan ce yana ƙara wa yaro ƙoƙarin lissafi. Wani babban bincike da aka yi a makarantun firamare 100 na Ingila, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2016, bai ga wani bambanci a jarrabawar lissafi tsakanin yaran da aka koya wa da waɗanda ba a koya wa ba. Saboda haka kada wani ya ce dara za ta maye gurbin malami da littafi. Abin da ta ke koyarwa shi ne zama wuri ɗaya, da tunani kafin a kai hannu, da karɓar kaye ba tare da an ɗora wa wani laifi ba.

Na biyu, dara ba ta sulhunta manya. A gasannin duniya an sha ganin 'yan Yukiren sun ƙi musafaha da 'yan Rasha tun daga 2022. Rigimar gona da kiwo da sarauta da tsaro, gwamnati da sarakuna da shugabannin addini ne za su warware ta. Allon dara iyakarsa ya sa yara su san sunan juna, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a inda ba su sani ba.

Na uku shi ne na addini. Malaman Malikiyya, mazhabar da mafi yawan Musulmin ƙasar nan ke bi, sun tsananta a kan shaɗaranji, malaman Shafi'iyya kuwa sun sassauta muddin babu caca, kuma bai shagaltar da mutum daga salla ba. A zamanin nan an ga Iran ta hana shi a farkon shekarun 1980 ta sake halatta shi a 1988, an ga Saudiyya ta karɓi baƙuncin gasar duniya a Riyad a 2017, an kuma ga Taliban sun dakatar da shi a Afganistan a 2025. Hukunci na malamai ne, kowane uba ya tambayi malamin da ya amince da shi, ba kuma a tilasta wa ɗan kowa. Abin da ke kan masu shirya gasa shi ne su rufe ƙofar caca ruf, su kuma tsara lokaci yadda ba zai ci karo da salla ko zuwa coci ba.

ABIN DA KU KE IYA YI DAGA KURMI

Na farko, kuma mafi sauƙi, ya shafi 'ya'yanku da ke tare da ku. Yaron da ke makaranta a Ikko ko Badun yana kusa da gasa mai rajista fiye da ɗan uwansa da ke Kafanchan nesa ba kusa ba. Kuɗin mota ne kurum da na shiga. In yara goma na 'yan Kudancin Kaduna mazauna Kudu suka sami lamba, su ne tsohon nonon da za a ɗiga a madarar gida.

Na biyu, ƙungiyoyin ci gaban garuruwa da ku ke taro duk wata, waɗanda suka saba aika rigunan ƙwallo da kofi gida lokacin Kirsimeti ko Salla, su ware wani abu su sayi allunan leda da 'ya'yan roba da agogo. Kayan nan ba sa bukatar fili ko lantarki, aji ɗaya da benci ya isa, kuma suna shekaru ba su lalace ba. Amma kada a zube su a ofishin hedimasta a tafi. A ɗora wa wani malami alhakinsu, a riƙa ba shi ɗan abin sabulu.

Na uku, a nemi hukumar Kwalejin Gidan Waya ta buɗe wa ɗalibanta kulob mai ƙarfi, domin kowane ɗalibi da ya iya, gobe malami ne a wani ƙauye, da yara arba'in ko fiye a gabansa. Armeniya, wadda ta sa wasan cikin darussan firamare a 2011, sai da ta horar da malamai kafin ta fara.

Na huɗu, a sa rana guda a shekara, tsakanin Kirsimeti da bikin Afan na Kagoro da a ke yi ran 1 ga watan Janairu, lokacin da 'yan ci-rani ke gida, a shirya gasa a Kafanchan. A rubuta wa hukumar wasan ta ƙasa da wuri don a yi mata rajista, a ɗauko alƙali mai lasisi, a biya wa masu lamba kuɗin mota da masauki daga Jos da Kaduna da Zariya da Abuja. A buɗe ta ga kowa, maza da mata, daga kowace unguwa, kwamitin shiryawa kuma ya ƙunshi kowane ɓangare tun daga ranar farko, don kada a ce ta 'yan wane ce. Shekara ta farko watakila yara biyar ne za su fito da lamba. Shekara ta biyu waɗannan biyar su ne za su ba wasu ashirin.

Hukumar wasanni ta Jihar Kaduna, wadda ta karɓi baƙuncin wasannin ƙasa a 1977 da 2009, da shugabannin ƙananan hukumomin yankin, su ma da hakki a kansu, kuma ya kamata wakilanmu a Majalisar Jiha su tuna musu cewa wasa bai ƙare a ƙwallon ƙafa ba. Amma masu iya magana sun ce zomo ba ya kamuwa daga zaune. Ding ya zauna jiran kunnen doki, kambi ya kuɓuce masa. In muka zauna jiran gwamnati ita kaɗai, yaro mai kai irin na Gukesh zai girma a Fadan Kagoma ko Godogodo ko Madakiya, ya tsufa yana cin tsararrakinsa daraf a gindin mangwaro, ba wanda ya taɓa auna shi. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya kuma yi wa zuriya albarka, amin.